"Da sauƙi" gaisuwa ce, ba bayanin ciwo ba: yadda ake neman sauƙi bayan aikin ciki

Na yi shekara 19 ina aikin jinya a ɗakin mata da aka yi wa tiyata. Ban san iyakar ranakun da na tsaya a bakin gado na ce, "Mama, ya jiki?" aka ce mini, "Alhamdu lillahi, da sauƙi" ba. Mai maganar kuwa ta damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta sun tashi, gumi na tsattsafo mata a goshi, numfashi sama-sama don kada iska ta kai wurin ɗinki. Ni kuma ga sauran gadaje suna jirana, sai in rubuta cewa ba ta da ƙorafi, in yi gaba.

Sai da aka kwantar da ni, aka cire mini ƙari a mahaifa, sannan jiki ya gaya mini. Daren farko, wata yarinya da ni na koya mata sa ƙarin ruwa ta leƙo ta ce, "Anti, ya jikin?" Wallahi bakina ne ya riga ni: "Da sauƙi." Ta ja labule ta tafi. Na kwana ina kallon fanka har aka kira assalatu, ga allurar da aka rubuta mini tana kulle a kabad, taku goma daga gadona.

Ranar sallama, idan aka tambayi marasa lafiya ko sun gamsu da yadda aka kula da ciwonsu, kusan kowa cewa yake ya gamsu, har da wadda na ji kukanta da kunnena. Masu bincike a ƙasashe da dama sun daɗe da lura da wannan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya shiga da zaton cewa tunda an yanka shi, dole ya sha wuya. Ya fito da ransa, ya gode wa Allah. Ba ya kuma son a ce ya kai ƙarar wanda gobe zai wanke masa ciwo. Mu kuma a nan mun ƙara da namu: kunya, da dauriya, da tsoron kada dangin miji su ce raguwa ce. Sai asibiti ya ɗauka komai lafiya lau.

Da mata zan yi magana don su na fi sani, amma namijin da aka yi wa aikin ƙaba, ko afendis, ko hanjin da taifot ya huda, duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Tun kafin a tura gadon

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba aikin gaggawa ba ne, mai ba da allurar barci zai zo ya duba ki, galibi ana gobe aiki. Mutane suna sakin baki da likitan da zai yi yanka, su manta da wannan, alhali shi ne ya fi kowa sanin maganin ciwo. Ki tambaye shi: barci za a sa ni gaba ɗaya, ko allurar baya za a yi, mai kashe rabin jiki na ƙasa? Yaushe za ta sake ni? Me aka shirya mini bayan ta sake? Me za mu saya da kanmu?

Shi ma akwai abin da yake bukata daga gare ki. In kina da gyambon ciki, ko asma, ko ciwon ƙoda, ko na hanta, ko kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa ko ba a tambaya ba. In wani magani ya taɓa sa miki ƙuraje ko amai, ki faɗi sunansa, ko ki nuna kwalinsa. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a faɗa. Ga kuma wadda ake ɓoyewa: wanda ya saba shan tramadol ko makamancinsa, ya ja likita gefe ya gaya masa. Ba don a yi masa wa'azi ba. Jikin da ya saba ba ya jin adadin da ake ba kowa, kuma in aka yanke masa farat ɗaya, wata wahalar ce a kan ta ɗinki.

Allurar baya tana da yaudara. Za a fito da ke kina hira, kina cewa ai ba ki jin komai, dangi su yi ta buga waya ana barka. Cikin awa 2 zuwa 4 ƙafafu za su fara dawowa, ciwo kuma yana biye da su. Da kin ji yatsun ƙafa sun fara motsi, lokacin neman magani ya yi, ba sai ciwon ya iso ba.

Mai jinya, wannan naki ne. A yawancin asibitocinmu ku za ku sayo magani, har da sirinji. Ki karɓi takarda ki sayo na dare tun rana ba ta faɗi ba. Na sha ganin an tashi mutum ƙarfe 2 na dare ya fita neman allura, ya dawo bayan awa guda ya ce wurin a rufe yake.

Yadda ake faɗin ciwo

Ki amsa gaisuwa, ba wanda ya hana. Amma in kin gama cewa da sauƙi, ki ɗora da bayani. Ma'aikata suna auna ciwo da lamba, daga 0 zuwa 10: sifiri babu ciwo sam, 10 kuwa ciwon da ba ki taɓa jin kamarsa ba. Daga 1 zuwa 3 ciwo ne da za ki iya hira da barci a kansa. Daga 4 zuwa 6 ya fara hana ki juyi da barci. Daga 7 ya hau sama, hankalinki ba ya kan komai sai shi. Tsohuwar da ba ta saba da lamba ba, nakan ce mata ta nuna mini da yatsu, ko in ce: kaɗan, da dama, ko ya kai maƙura?

Lamba biyu za ki ba da, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Ɗaya ta lokacin da kike kwance shiru, ɗaya ta lokacin da kika yi tari ko kika yunƙura. Mace za ta ce mini 2, gaskiya ta faɗa, amma don ta ƙame tun safe ba ta motsa ba. In ta yi tari, 8 ne. Ta biyun ita ce ta fi muhimmanci, domin so ake ki iya jan numfashi har ƙasa, ki yi tari, ki tashi. Maganin da ya ba ki damar kwanciya kamar gungume kawai bai gama aikinsa ba.

Sannan ki nuna wurin da yatsa ɗaya, ki faɗi irinsa. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: raɗaɗi, zugi, suka, murɗawa, nauyi, ja. Raɗaɗi a bakin ɗinki daban, murɗawar da ke zuwa tana tafiya daban, ciwon da ya game ciki ya sa shi tauri daban, kuma kowanne da abin da yake nunawa. Ga misalin abin da nake son ji:

"Sista, a kwance 4 ne, in na yi tari ya kai 8. Raɗaɗi ne, nan gefen dama na ɗinkin. Rabona da allura tun la'asar."

Wadda ta faɗi haka, ko ma'aikaciya ta gaji, da wuya ta wuce ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin ake liƙewa. Bayan an ba da magani kuma, ki jira kamar rabin awa in allura ce, awa guda in ƙwaya ce. In bai sauka ba, ki sake magana. Ba raini ba ne. Wataƙila adadin ya yi kaɗan, wataƙila allurar ƙarin ruwan ta goce daga jijiya, maganin yana taruwa a ƙarƙashin fata. In hannun ya kumbura yana zafi, ki nuna.

Akwai haruffa uku da ya kamata kowane mai jinya ya sani: PRN. In likita ya rubuta su a gefen magani, ma'anarsu a bayar in an bukata. Wato in ba ki nema ba, ba za a kawo ba. Su suka kwana da ni a wancan dare. Ki tambaya kai tsaye: wanne ne nawa na kan lokaci, wanne ne sai na nema? A kwana biyun farko, abin da ya fi shi ne a riƙa ba da na kan lokaci bi da bi, ko ciwon ya lafa, domin ciwon da aka bari ya hau, allura ɗaya ba ta cika sauko da shi ba. Mai jinya ta sami 'yar takarda ta riƙa rubuta lokacin da aka ba da kowane magani. Ta kuma lura da lokacin canjin aiki: a yi magana kafinsa, don da an fara miƙa gadaje, sai an gama. Magunguna masu ƙarfi a kulle suke, da littafin da ake sa hannu, makullin yana hannun mutum ɗaya. In aka ce ki ɗan jira, sau da yawa makullin ake nema, ba share ki aka yi ba.

Ba zan wanke abokan aikina tas ba. Akwai masu cewa, "Ke kaɗai aka taɓa yi wa aiki?" Na ji da kunnena, kuma ba daidai ba ne. In kin haɗu da irin wannan, kada mai jinya ta tsaya cacar baki a tsakar dare. Ta nemi babbar da ke riƙe da ɗakin, ko ta jira zagayen likitoci da safe ta faɗi abin da ya faru da lokacinsa, cikin ladabi, a gaban kowa.

Magungunan da za ki gani

Farasitamol shi ne wanda aka raina. "Sista, yanka fa aka yi mini, ki ba ni maganin ciwon kai?" Shi kaɗai ba zai isa ba a ranar farko, gaskiya ne, amma in ana ba da shi a kan lokaci yana rage yawan mai ƙarfin da za ki bukata, da jiri da aman da ke biyo shi. Ga babba, ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Wadda nauyinta bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, nata bai kai haka ba. A kula: Panadol shi ne dai farasitamol, kuma yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi. Mutum zai haɗa uku yana zaton daban-daban ne, hanta ce za ta biya.

Sai su diclofenac da ibuprofen. Suna da kyau ƙwarai ga ciwon ɗinki, amma ba kowa ake ba su ba: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, wadda ta zubar da jini da yawa, wasu masu asma, da wasu da aka ɗinke musu hanji. Shi ya sa kada dangi su kawo nasu daga gida. Alabukun ma asfirin ne a cikinsa, yana iya ƙara zubar jini. Wani lokaci diclofenac ɗin na matsawa ta dubura ake rubutawa. Na san abin da kunya, na ga waɗanda suka ɓoye shi a ƙarƙashin filo. Amma ga wadda ba a yarda ta sha komai ba tukuna, yana aiki sosai, yana kuma daɗewa. Ki ce a ja labule, ko a nuna miki ki sa da kanki.

Masu ƙarfin su ne pentazocine, wanda ya fi yawa a asibitocinmu, da tramadol, da mofin inda ake da shi. Pentazocine yana saurin kamawa amma ƙarfinsa bai cika wuce awa 3 zuwa 4 ba, don haka in shi kaɗai ake ba ki, za ki ji ciwon ya dawo tun lokacin allura ta gaba bai yi ba. Ki faɗa, a cike giɓin da wani.

Tun da aka hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018, ga kuma abin da tramadol ya yi wa samarinmu, mutane suka tsorata da duk wani magani mai ƙarfi. Na ga miji ya hana a yi wa matarsa allura wai kada ta zama 'yar ƙwaya. Tsoron yana da tushe, amma an ajiye shi ba a muhallinsa ba. Kwana biyu ko uku a asibiti, da adadin da likita ya ƙayyade, da wuya ya kai mutum ga haka. Inda haɗarin yake shi ne bayan an koma gida, a riƙa kiran mai kyamis yana zuwa yana yin allurar "penta", wato pentazocine, duk dare, mako ya zama wata. Wannan na ga ƙarshensa, bai yi kyau ba.

Irin waɗannan magunguna suna kawo jiri, tashin zuciya, ƙaiƙayi, da taurin bayan gida. Duk akwai abin da ake yi a kai, kada ki ƙi maganin ciwo saboda amai, ki nemi na aman. Abu ɗaya ne ba a jira da shi: in mara lafiya ta yi barcin da ake tashinta da ƙyar, numfashinta ya ja baya sosai, ko leɓɓanta sun canza launi, a kira ma'aikata nan take. Akwai allurar da ke warware shi. Mai shayarwa kuma ta tuna wa likita tana shayarwa: farasitamol da ibuprofen ba matsala, amma kodin da tramadol ba a son su ga mai ba da nono.

Filo, tari, da tusa

Ki zo da ƙaramin filo daga gida, ko zane a naɗe. Duk lokacin da tari, ko atishawa, ko dariya ta taso, ki danna shi a kan ɗinkin da hannu biyu, ki ɗan lanƙwashe gwiwa, sannan ki saki tarin. Da wuya ɗinki ya farke don tari. Majinar da kika ƙi fitarwa ita ce ke kwanciya a huhu ta zama zazzaɓi a rana ta biyu ko ta uku. Duk awa, in kina farke, ki ja numfashi a hankali har ƙasa sau 5 zuwa 10.

Tashi daga gado ma da dabararsa. Kada ki yunƙura kai tsaye daga rigingine, naman cikin da aka yanka shi zai ɗauki nauyin. Ki lanƙwashe gwiwoyi, ki mirgina gefe gaba ɗaya, ki sauke ƙafafu ƙasa, ki tura da gwiwar hannu har ki zauna. Ki ɗan jima a zaune jiri ya wuce. Ki daidaita tashin da lokacin da magani ya kama. Takun farko zuwa bakin ƙofa kamar tafiya Makka a ƙasa ne, amma tafiyar ita ke hana jini daskarewa a ƙafa, ita ke tayar da hanji.

In muka tambaye ki ko kin fitar da iska, don Allah ki amsa. Babu inda ake yi wa tusa murna kamar ɗakinmu. Iskar da ta taru tana murɗa ciki fiye da ɗinkin kansa a wasu lokuta, kuma maganinta tafiya ce, ba ƙarin allura ba. Kada a ba ki kunu ko shayi a ɓoye kafin likita ya yarda, ko da Gwaggo ta rantse cewa yunwa ce ke damun ki.

'Yan dubiya, Allah ya ba da lada, amma a rage turare, a rage ban dariya, a kuma bar zama a bakin gado ana girgiza shi. Salla kuwa addini ya sauƙaƙa: a zaune, ko a kwance da ishara, da taimama in alwala ta gagara.

Ba kowane ciwo ne na ɗinki ba. Ciwon kai mai tsanani da ke tasowa in kin zauna, ya lafa in kin kwanta, na allurar baya ne, ki faɗa da wannan bayanin. Ciwon kafaɗa bayan aikin da aka yi da kyamara ta ƙananan huji, iskar da aka hura a ciki ce, yana wucewa cikin kwana kaɗan. Mara ta cika tana ciwo, fitsari ba ya sauka a jaka: a duba robar, ƙila ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Mai jego da ke jin murɗa in jariri ya kama nono, mahaifa ce ke komawa.

Ciwon aiki kullum raguwa yake yi, yau ya fi jiya dama. Wanda ya juya yana ƙaruwa bayan kwana 2 ko 3, musamman da zazzaɓi, ko kumburin ciki da tauri, ko amai kore, ko ruwa mai wari daga ɗinki, ba na dannewa da magani ba ne, na kiran likita ne. Haka ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Ko kin koma gida, a dawo da ke a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Ranar sallama

Kafin ki naɗe tabarmar mai jinya, ki sa a nuna miki kowane magani a hannu: wannan sau nawa, kwana nawa, wanne zan fara bari? Mai ƙarfi ake fara ajiyewa, farasitamol ne na ƙarshe. Ki sha ruwa sosai, ki ci ganye da gwanda da lemo in an sake miki abinci, don yunƙurin bayan gida mai tauri azaba ce a kan sabon ɗinki. Kimanin mako 6 ba daka, ba ɗaukar jarka, ba goyon yaro mai nauyi. Mai jegon da aka yi wa aiki, a bar maganar fyaɗa ruwan zafi da ganye a kan ciki, kuma kada a shafa wa ɗinki komai in ba abin da asibiti ya ce ba.

In an kawo miki takarda, ko wani ya zo yana tambaya ko kin gamsu, ki yi godiyar da ta dace, sannan ki faɗi daren da aka bar ki, da ƙarfe nawa, da awa nawa kika jira. Wadda za a kwantar a gadon bayanki ita za ta amfana.

Filon nan kuma kada a jefa shi cikin buhun kaya. Ki riƙe shi a cinya a mota, ki sha maganinki kamar rabin awa kafin ku tashi, ki ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Ni a adaidaita sahu aka mai da ni gida, filon yana ƙasan kwanuka, kuma har yau ina iya lissafa ramukan da ke kan layinmu.